Baba ya daina haɗiye tuwo saboda ciwon daji: mu yarda a sa masa da'ama, ko mu tafi gashi Marawi?

Ɗan Mai Agashe, Gadarif

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Na daɗe ina shigowa in karanta in fita, yau dai dole ta sa na yi magana.

Mahaifina shekararsa 63. Kakanninmu mutanen Mai Wurno ne, amma a Wad Madani, a nan Sudan, muka tashi, a can Baba ya yi shekara talatin da ɗoriya yana gasa agashe a bakin kasuwa. Da yaƙi ya iso Madani a Disambar 2023 muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, muka sauka Gadarif gidan kawunmu, kuma har yau muna nan.

Da Babbar Salla abin ya fara. Ya kai lomar nama baki, sai muka ga ya tsaya cak, yana dukan ƙirji, ya nemi ruwa. Ya ce ragon ne ya tsufa. Mutum ne da ya san nama kamar yunwar cikinsa, shi ya sa babu wanda ya yi masa musu. Bayan nama sai burodi, bayan burodi sai kisra, siririyar wainar dawa, ko an jiƙa ta da miya. Wani mai kantin magani ya ce ƙwannafi ne, ya ba shi ƙwayoyi, muka yi wata uku muna saye. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da na lura Baba ya daina zama da mu a kan tire. Sai ya ce ya ƙoshi, ya shige ɗaki. Daga baya Inna ta gaya mini cewa asida, wato tuwonmu, ma dawowa take yi, kuma da dare akwai gwangwani a ƙarƙashin angarib ɗinsa, wato gadonsa, da yake zubar da yawu a ciki. Yanzu kunu irin madida da nasha kaɗai ke wucewa, su ma sai an tsinka su. Na auna shi a sikelin buhun riɗi na wani maƙwabcinmu: daga kilo 68 ya dawo 53.

An yi masa manzar, wato an zura kyamara ta baki, aka ga ƙari a tsakiyar hanyar abinci, abin da Larabawa ke kira mari'i. An gutsuri nama an kai awo, bayan kwana 19 sakamako ya fito cewa kansa ce, wato ciwon daji, irin wadda ake kira harshafiyya. Hoton maƙta'iyya, wato hoton cikin jiki na CT, ya nuna ta ci kaurin bangon bututun, akwai kaluluwa biyu da suka kumbura kusa da ita, amma hanta da huhu lafiya lau.

Ga inda muka tsaya. Likita na farko ya ce a sa masa da'ama, wata raga ta ƙarfe da za ta buɗe hanyar, cikin kwana biyu ya ci abinci. Likita ta biyu, ta ɓangaren ciwon daji, ta ce ita ba ta son a sa, a haɗa masa kimawi, wato allurar kashe ƙwayoyin kansa, da gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, daga baya a duba ko za a yi tiyata. To gashi kuma babu shi a nan, an ce sai Marawi, can arewacin Sudan. Kawu ya ce mu sayar da filin Inna mu kai shi Masar. Inna ita dai so take ta ga mijinta ya ci tuwo. Baba kuwa har yanzu ba mu faɗa masa sunan ciwon ba.

Ni ne babba, kowa ni yake kallo, kuma rabona da barcin kirki tun ranar da na karɓi takardar nan. Don Allah wanda ya san harkar nan, ko wanda ya yi jinyar irin wannan, ya faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Wanne ne magani, wanne ne lallaɓawa?

Likita, Jidda

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ɗan Kasala ne, ina aiki da masu ciwon daji a nan Jidda. Ban ga Baba ba, ban ga hotunansa ba, don haka ka ɗauki maganata a matsayin guzurin da za ka koma da shi wurin likitarsa.

Ƙanena, tambayarka ta ƙarshe ita ce tambayar gaba ɗaya. Likitocin nan biyu ba saɓani suke yi a kan abu ɗaya ba, kowa da inda ya dosa. Da'ama ba ta taɓa ƙarin ko kaɗan, ture shi gefe take yi abinci ya wuce, shi kuwa ya ci gaba da girma. Alheri ce babba ga wanda ciwonsa ya riga ya kai hanta ko huhu, ko wanda jikinsa ba zai ɗauki magani mai ƙarfi ba. Amma ka ce hanta da huhun Baba lafiya lau. In haka ne, yana cikin waɗanda ake yi wa magani da niyyar warkewa, kuma a irinsu mun fi son a kauce wa da'ama. In aka yi gashi da ƙarfe a ciki, haɗarin zubar jini da hujewar bututun yana ƙaruwa, in ƙarin ya motse tana iya zamewa ta faɗa tumbi, kuma tana wahalar da mai tiyata daga baya.

Kansar hanyar abinci iri biyu ce. Akwai wadda ke fitowa can ƙasa kusa da bakin tumbi, mai alaƙa da daɗaɗɗen ƙwannafi da ƙiba, ita ta fi yawa a Turai da Amurka. Akwai irin ta Baba, harshafiyya, wadda ta fi yawa a wajenmu, tun daga Sudan da Habasha har Kenya da Malawi da Afirka ta Kudu. Ita wannan tana jin gashi sosai, kuma wannan shi ne labari mai daɗi a cikin takardar da ke hannunka.

Hanya ta farko ita ce wadda aka gwada a ƙasar Holan, a binciken da ake kira CROSS, wanda aka buga a 2012. Ana ba da magunguna biyu ta jijiya, kaboplatin da paklitaksel, sau ɗaya a mako har mako biyar, tare da zaman gashi 23, kullum ban da ranakun hutu. A huta makonni, sannan a yi tiyata. Rabin waɗanda aka yi wa haka sun wuce wata 49 a raye, alhali a waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai wata 24 ne. A masu harshafiyya kuma, kusan rabinsu da aka ciro bututun aka duba, ba a sami ko ƙwayar kansa ɗaya da ta rage ba.

Tiyatar kuwa ba ƙarama ba ce. Ana buɗe ciki da ƙirji, wani lokaci har da wuya, a yanke ɓangaren da ya lalace tare da kaluluwar da ke kewaye, a gyara tumbi ya zama kamar bututu, a jawo shi sama a ɗinke. Ɗinkin yana iya yoyo, huhu yana iya kamuwa, murya tana iya dushewa. Tana son likitan da ya saba yin ta a kai a kai, da ɗakin kulawa ta musamman mai wuta da iskar oksijin da ba sa yankewa. Ka san halin da ƙasarmu ke ciki. Kada kunya ta hana ka tambayar mai tiyata sau nawa ya yi irinta a bana.

Shi ya sa akwai hanya ta biyu, kuma ni a halin yanzu ita na fi hangowa ga Baba: kimawi da gashi a matsayin maganin gaba ɗaya, zama kamar 28, a ajiye tiyata sai in ciwon ya ƙi tafiya ko ya dawo. An gwada wannan a Faransa da Jamus a kan masu harshafiyya. Waɗanda aka ƙara wa tiyata ciwon bai cika dawo musu a wurin ba, amma tsawon rayuwar ɓangarorin biyu bai bambanta sosai ba, domin ita kanta tiyatar tana ɗaukar rai. Ba na ɓoye maka cewa ciwo ne mai wuya, kuma ko an yi komai daidai yana iya dawowa. Amma akwai masu warkewa, na gansu da idona.

Za ka ji ana maganar sababbin allurai masu tayar da garkuwar jiki, irin su nibolumab da pembrolizumab. Gaskiya ne suna aiki, ana ba da su bayan tiyata in an sami ragowar ciwo, ko in ya bazu. Tsadarsu ta wuce misali, kuma ba su ne matakin Baba na yanzu ba. Kada wani ya sa ku sayar da fili saboda su.

Masar akwai ƙwararru da na'urori, ba musu. Amma tun 2023 biza ta zama dole ga kowa, kuma jiranta na iya cin watanni, ciwon nan kuwa ba ya jira. Kafin yaƙi asibitin Zarra na Khartum da cibiyar Jami'ar Jazira a Madani su ke ɗauke da yawancin masu gashi, da suka tsaya jama'a suka koma Marawi. Al'amura suna sauyawa, don haka likitarku ta buga waya ta tabbatar inda na'ura ke aiki yau da ranar da za a ba ku, kafin ku hau mota. In an fara gashi ba a son a yanke shi a tsakiya.

Abu ɗaya ne ya fi damuna a duk rubutunka, kilo 15 ɗin nan. Kafin komai a nema masa hanyar ci. Ko siririyar roba ta hanci da za a zura da taimakon manzar, ko wadda ake sawa ta fatar ciki zuwa ƙaramin hanji. In akwai yiwuwar tiyata nan gaba, a tambayi mai tiyata kafin a huda shi kansa tumbin, domin da shi za a yi sabon bututun.

In Baba yana sa tumbak, wato garin taba, a leɓe ko yana shan taba, ya bari daga yau. Shayi da jabana, wato gahawa, kuma a bar su su huce. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan ciwo, tun 2016. Ban faɗa don a ɗora masa laifi ba, na faɗa ne saboda ku da ƙannenka.

Hajiya Mai Godogodo, Sinnar

Ɗana, sannu. Allah ya dafa maka. Na karanta na yi hawaye, domin gwangwanin nan na ƙarƙashin gado na san shi, na wanke shi wata da watanni.

Mahaifiyata ce ta yi wannan ciwo. Mu ba mu yi sa'ar da kuka yi ba, ko da aka gano ya riga ya shiga hanta. Aka sa mata da'ama. Ina so in faɗi alherinta, don kada wanda ke karatu a nan ya ɗauka abin gudu ce. Kafin a sa, Iya ta yi kwana huɗu ko ruwa ba ya wucewa, leɓenta duk ya tsage. Ranar da aka sa ta kwana da ciwon ƙirji, ya yi mata kamar kwana uku. A rana ta biyu na dama mata godogodo mai ruwa-ruwa, na riƙe kofin, ina kallon maƙogwaronta yana motsi, ina jira ya dawo. Bai dawo ba. Ta miƙo kofin ta ce in ƙara. Wallahi ban taɓa jin daɗin dama kunu irin na ranar ba.

Amma tana da dokoki. Ba burodi, ba tsokar nama, ba lemo mai zare-zare. Komai sai an tauna ya zama kamar kunu, a bi shi da ruwa, wani lokaci ruwan kwalba mai gas don ya wanke ragar. Ba ta kwanciya sai da matashi uku, in ba haka ba abin ciki ya taso mata. Sau ɗaya ta toshe da ɗan guntun kaza, sai da muka koma aka cire da manzar. Ta yi wata bakwai bayan nan, ta yi azuminta na ƙarshe a zaune tana jan carbi, ta ci asida da mu ranar Salla. Da zafi ya yi yawa a ƙarshe aka rubuta mata morfin. 'Yan'uwa suka ce zai kashe ta, na ce a ba ta, kuma da shi ta samu ta yi barci har ta yi sallama da jikokinta cikin hayyacinta.

Naku daban ne, ka bi maganar Likita. Abin da zan ƙara maka shi ne zancen ɓoyewa. Mu ma mun ɓoye wa Iya, muna cewa gyambon ciki ne. Sai daf da rasuwarta ta ce mini ta sani tun ranar farko, ta yi shiru ne don kada ta karya mana zuciya. Ashe wata shida kowa yana ɗauke da kayansa shi kaɗai. Har gobe wannan yana ci mini rai. Mahaifinka dattijo ne mai hankalinsa, shi za a gasa, shi za a yi wa allura. Ka samu limaminku ko amininsa ku zauna da shi.

Baƙon Allah, Damazin

Allah ya sawwaƙe. Ku gwada nonon raƙumi da zuma da habbatus sauda, da mihaya, wato rubutun sha, safe da yamma. Akwai wani a unguwarmu da aka ce ya warke da su, likitoci suka yi ta mamaki. Kimawi yana ƙarasa mutum ne kawai.

Malamar Jinya, Bur Sudan

Malam na Damazin, Allah ya saka da niyya. Nonon raƙumi abinci ne mai kyau in an tafasa shi, addu'a da mihaya kuma babu mai hana musulmi. Amma ba sa narkar da ƙari. Shekarata 14 a ɗakin masu ciwon daji, kuma waɗanda suka fi sa ni kuka su ne masu zuwa da ciwon da za a iya yi wa magani, su ɓace wata huɗu, su dawo da tabon wuta a ƙirji, ciwon ya kai huhu. A haɗa da magani, kada a musanya.

Ɗan'uwa, ni zancen ci zan yi maka, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutum mai kilo 53 da ke ci gaba da ramewa ba zai kai ƙarshen mako biyar na gashi ba, a mako na uku za a dakatar. Kuma ka sani tun yanzu, gashi yakan sa bututun ya yi ɗanye daga mako na biyu ko na uku, haɗiya ta ƙara wuya kafin ta yi sauƙi. Iyalai da yawa a nan suke tsorata su ce magani ya ƙara ciwo, su gudu. Kada ku gudu, ku nemi maganin zafi.

Nasha zalla ruwa ce, ba ta riƙe jiki. Duk kofin da zai sha a ƙara masa nauyi: madarar gari, cokalin dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, cokalin man riɗi, dafaffen ƙwai da aka niƙe, ayaba, miyar adas da aka tace. Kaɗan-kaɗan, sau bakwai ko takwas a rana, a zaune, kuma kada ya kwanta sai bayan kamar awa ɗaya. In an sa roba, kwanakin farko a bi ma'aunin da aka ba ku ko da ya ce yunwa yake ji. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi farat ɗaya, gishirin jini irin su fotasiyam da fosfet suna faɗuwa, zuciya na iya rikicewa. A tace komai da rariya mai laushi, a wanke robar da tafasasshen ruwan da ya huce kafin ci da bayan ci. Kada a daka ƙwayar magani a tura sai an tambaya.

Abubuwa uku ba a kwana da su a gida. Zazzaɓin da ya kai 38 lokacin kimawi, ko da kun ɗauka maleriya ce, domin ƙwayoyin kariya na jini suna iya yin ƙasa. Aman jini ko baƙin bayan gida. Da kuma tari mai sarƙewa duk sanda ya kurɓi ruwa, wannan yana iya nuna cewa ƙofa ta buɗe tsakanin hanyar abinci da ta numfashi. In wannan ya faru, to lissafi ya canza, kuma a nan da'ama mai rufi ita ce ke ceton rai.

A duba masa haƙora kafin a fara. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta nauyinsa duk Juma'a a sikeli ɗaya.

Ɗan Mai Agashe, Gadarif

Jama'a, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan Iya, Hajiya. Na yi shiru kwana tara ne saboda zirga-zirga.

Likita, na kwafe maganarka a takarda na kai wa likitarsa. Ta karanta ta ce haka take nufi, lokaci ne bai ba ta damar yi mana bayani ba ranar, layin ya yi tsawo. An fasa da'ama. Ranar Talata aka sa masa robar hanci da manzar. Ya ƙi ta da farko, ya ce ba zai fita masallaci da igiya a fuska ba, sai Inna ta naɗa masa rawani ta yadda ya rufe ta. Malama, muna bin ma'auninki, ƙanwata ce ke tacewa. Jiya sikelin riɗi ya nuna 54.

Hajiya, na bi shawararki. Bayan la'asar na zauna da shi ni da amininsa, na faɗa masa sunan ciwon. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce in nuna masa daidai wurin. Na ɗora yatsa a tsakiyar ƙirjinsa. Ya gyaɗa kai, ya ce ya feɗe raguna ba adadi, ya san bututun nan, yana kwance ne a bayan maƙogwaro, kuma siriri ne. Ya tambaya ko gashin irin nasa ne na garwashi, na ce a'a, haske ne, ba zai ji komai ba lokacin da ake yi. Ya ciro gwangwanin tumbak daga aljihu ya ba amininsa. Filin Inna kuwa ya ce kada wanda ya taɓa shi. Kawu bai ji daɗi ba, amma ya haƙura, har ya turo kuɗin mota ta manhajar banki ta Bankak.

An yi waya Marawi, sun ce mu zo da takardar awon nama da faifan hoton, za a sake auna shi a zana wurin da za a gasa kafin a ba mu ranar farawa. Ni da Inna za mu raka shi, kuma an ce mu yi shirin zaman wata biyu.

Saura masauki. Ko akwai ɗan'uwa a Marawi ko Karima da ya san ɗakin haya kusa da asibiti, mai wuta ko da sola ce, saboda injin niƙa abincinsa? Ɗaki ɗaya ya ishe mu, ni ko a tsakar gida zan kwana. A yi mini magana ta akwatin saƙo, ranar Lahadi muke son tashi.